Koren Kakin Malam Ɗahiru

A kasuwar Wadata ta Yamai, in ka bi layin teloli har ƙarshensa, can inda masu amalanke suke juyawa suna zagin 'yan kabu-kabu, akwai wani dattijo da ke zama a ƙarƙashin rumfar kwano, da dutsen washi a gabansa, da magagari iri-iri jere a kan tsumma. Sunansa Ɗahiru, amma duk kasuwar Mai Ƙanƙara ake ce masa. Baƙo kan ji sunan ya zo neman ruwan sanyi, sai ya tarar da mutum yana wasa almakashi. Teloli sun yarda da hannunsa. In ya wasa maka almakashi, shadda za ta riƙa rabuwa ba ka ji ko ƙara ba. Ba ya hira, ba ya faɗa, ba ya dariya. Wanda bai san shi da can ba sai ya ce haka Allah ya halicce shi, alhali kuwa an yi lokacin da in Ɗahiru ya buɗe baki da labari, har mai shayi mantawa yake da butarsa a kan wuta.

Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a yankin Tawa, inda saurayi in an gama girbi bai ɗauki jakarsa ya tafi bida, neman kuɗi a wata ƙasa, ba, sai 'yan mata su fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau. Sa'o'insa Abijan suka nufa. Shi ƙafarsa ta fi tasu ƙaiƙayi. Ya bar matarsa Tabawa da jariri a hannu, ɗansu na fari, Nassirou, ya bi arewa, ya yi aikin gini a Libiya, ya haye teku, bai tsaya ba sai a wani ƙaramin gari cikin duwatsun Faransa. A can ya samu aiki a shagon da ke ba da hayar siki. Siki wasu alluna ne biyu, dogaye, sirara, masu ɗagaggen hanci, waɗanda mutanen can suke ɗaurawa a ƙafa su sulalo daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Don nishaɗi kawai suke yi, ba wanda ya koro su.

Aikin Ɗahiru a ɗakin ƙasa yake, ƙarƙashin shagon. Da yamma a dawo da allunan jiƙe a zubo masa. Sai ya kifa kowanne a kan teburi, tafinsa sama, ya share ya duba. Tafin siki kamar fatar mutum yake, in ya sha wahala ba a shafa masa komai ba sai ya bushe ya yi fari-fari, Ɗahiru kan ce ya yi furfura. Inda tsakuwa ta yage shi, ya ɗiga narkakkiyar roba ya cike ramin ya goge. Bakin ƙarfen da ke gefe ya bi shi da magagari ya kori tsatsa. Sannan a zo kan kaki. Kakin ɗan'uwan na kyandir ne, sai dai ya fi shi iyayi. A kara shi a jikin dutsen guga mai zafi ya ɗiɗɗiga a kan tafin, a bi shi da dutsen daga hanci zuwa wutsiya, hannu na tafiya ba tsayawa, don tafin ya sha ya ƙoshi. In hayaƙi ya tashi, zafi ya yi yawa, ka ƙona wa mutane kaya. A bar shi ya huce, a kankare na sama, a bi da buroshi har ya yi sheƙi.

Wannan duk wanda aka nuna wa zai iya. Inda aikin yake shi ne zaɓen kakin, domin dusar ba iri ɗaya ba ce, kowace da abin da take so. Kowace safiya Ɗahiru kan fita bayan shago, ya cire safar hannu, ya damƙi dusar. In ta dunƙule tana tsattsafo da ruwa, ranar rawayan kaki ce, mai taushi. In ta dunƙule ba ruwa, ja. In ta ƙi haɗuwa tana zubewa ta tsakanin yatsu, shuɗi. Akwai kuma kore, mai taurin tsiya, wanda kan daɗe a cikin akwati ba a taɓa shi ba. Shi na ranar da dusar ta bushe ta zama gari ne, tana kuka a ƙarƙashin takalmi, gashin hanci na daskarewa kafin mutum ya gama shaƙar numfashi. A irin wannan rana Bature mai shagon ba ya barin sa ya leƙa ko bakin hanya kunnensa a buɗe, masu ceto kuma sukan wuni cikin shiri.

A duk shekarun nan bai taɓa ɗora ƙafarsa a kan siki ba. Ba wanda ya hana shi. Shi dai bai ga dalilin da zai sa mai iyali ya hau dutse don ya faɗo ba.

Da mahaifinsa ya rasu aka aiko masa, sai ya tattara ya dawo gida, da ma takardunsa ba su taɓa cika ba. Mai shagon ya ce ya zaɓi abin tunawa. Wani zai ce agogo ko rediyo. Ɗahiru ya ɗauki wasu tsofaffin siki da aka ware za a zubar, da dutsen gugarsa, da ƙaramin akwatin kaki. Ranar da aka sauke kayan Tabawa ta daɗe tana kallon allunan, hannunta a haɓa.

"Shekara da shekaru, Malam, abin da ka samo muna ke nan? Ko ƙyauren makewayi ba su yi."

Ya yi dariya, don a lokacin yana dariya. Ba su daɗe a ƙauye ba ya kwaso iyalinsa zuwa Yamai, suka kama gida a Lazaret, ya kafa rumfa a Wadata. Hannun da ya saba da bakin ƙarfen siki bai sha wuyar almakashi ba. Allunan kuwa ya buga ƙusa ya rataye su a bangon ɗakinsa, kowace shekara ya sauke su ya gyara, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Nassirou ya riga ya tasa lokacin da uban ya dawo, bai san shi ba sai a hoto. Allunan ne suka haɗa su. Wata Lahadi, bayan ya zama saurayi, ya saci jiki ya ɗaure su a bayan moto, wato babur, shi da abokansa suka haye gada, suka wuce Lamordé, suka je tudun rairayin da ke can gaba suka wuni suna gangarowa suna faɗuwa. Ya dawo da su tafin duk ya kakkarce, don rairayi ba ya yi wa siki mutunci. Ɗahiru bai dake shi ba. Ya tsayar da shi bakin teburi ya ce sai ya ga abin da ya jawo. Kwana da kwanaki suna cike ramuka suna gogewa, hannun uban na aiki bakinsa na zuba: yadda dutse ke yin fari fat da safe, yadda ake hawa cikin kujerun da ke rataye a waya, yadda tsohuwa mai jikoki za ta wuce ka fuu kamar an harba ta. In za a faɗi gaskiya, ɓarnar da aka yi a bakin teburin nan ta fi wadda aka yi a kan rairayi. Ranar da suka gama, saurayin ya shafa tafin da ke sheƙi ya ce, "Baba, kai ka gyara ma mutane. Ni hawa zan yi."

Ya gama lakwal, karatunsa na boko, ya zaga ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ya koma kabu-kabu. Ya auri Huda, ɗiyar ƙanen Ɗahiru, wadda ubanta ya rasu tana ƙarama ta tashi rabi a Tawa rabi a gidan. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna, manya suka sa albarka. Auren bai shekara ba ya ce zai tafi. Tabawa ta yi faɗa, Huda ta yi kuka. Ɗahiru ya buɗe baki zai hana, ya rasa da wace fuska zai hana abin da shi ya yi. Da Nassirou zai fita ya leƙa ɗakin uban ya ce a riƙe masa allunan, in ya zauna zai aiko a kai masa.

Ya yi ta kira daga hanya, wani lokaci daga gari mai suna, wani lokaci daga inda shi ma bai san sunan ba. Kira na ƙarshe ya zo wata rana bayan la'asar, cikin watannin sanyi, Ɗahiru na zaune a tsakar gida. Nassirou ya ce yana Italiya, gindin duwatsu, yau shi da wasu za su haye da ƙafa su shiga Faransa, an ce musu ba nisa. Muryarsa cike da murna.

"Baba, ga ni cikinta! Ga ƙanƙararka har gwiwa!"

"Duƙa ka damƙo ta," in ji Ɗahiru. "Ta dunƙule?"

Yaron ya yi dariya. "Ba ta dunƙulewa, kamar gari take. Tsaya ka ji yadda take yi in na taka."

Ya kai salular kusa da ƙasa ya taka. Ɗahiru ya ji kukan sarai, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

"Mi ke ga ƙafarka?"

"Kambas ne, amma na sa safa biyu."

"Kada ka hau yau. Ka ji ni? Ka koma, ka jira."

"Mutane sun fara tafiya, Baba. In na sauka zan kira."

Layin ya yanke. Ɗahiru ya ajiye salular a kan tabarma, ya tashi ya yi alwala, ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba. Ya jira ya ji tsoro, bai ji ba. Ya jira kuka, bai zo ba. Wani abu ne ya sauka a ƙirjinsa ya zauna, ba zafi ba sanyi, irin yadda ƙafa kan mutu in an daɗe zaune a kanta. Ya san abin da ya ji. Dusar koren kaki ce, ga yamma ta yi, ga mutum da takalmin kambas zai hau dutse. Duk Yamai shi kaɗai ya san ma'anar wannan kukan, bai kuma faɗa wa kowa ba.

An yi cigiya iya cigiya. 'Yan garinsu da ke can sun tambaya a asibitoci da gidajen kaso, ba labari. An yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a tashar jirgin ƙasa, aka bi aka tarar ɗan Mali ne. Tabawa ta yi kukanta ta gama, ta rame, ta dawo, ta koma sana'arta ta ƙosai. Ɗahiru bai yi ko ɗaya ba. Yana tashi, yana zuwa kasuwa, yana dawowa, yana cin abin da aka ajiye masa ba tare da ya san ko da gishiri ba.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Huda. Ba ta da ɗa, ba ta da miji a gabanta, ba kuma za a ce mata mai takaba ba. Ƙawayenta sun haifi na biyu sun haifi na uku, ita tana ɗakin da aka kawo ta tana goge kwanonin jere. Shekarun da shari'a ta ɗiba wa matar wanda ya ɓace sun cika har sun wuce, hanya a buɗe take in za a je gaban alƙali. Amma wa zai kai ta? Ɗahiru ne uban mijinta, shi ne kuma baffanta da ke tsaye a matsayin ubanta, kuma Huda ba irin yarinyar da za ta tsallake shi ba ce. Duk wanda ya ɗauko maganar, ko liman ne ko Tabawa, amsa ɗaya yake samu, ba fushi ba ɗaga murya.

"Yaron nan ya ce zai kira."

Abin da bai fasa ba shi ne allunan. Kowace shekara kafin zafin bazara ya kankama zai sauke su, ya fito da teburi tsakar gida, ya kankare tsohon kaki, ya bi bakin ƙarfen da magagari, ya zuba sabo da kauri ya bar shi ba kankarewa, yadda ake yi wa siki in za a ajiye shi sai mai shi ya dawo. A Faransa rawaya ake sa wa na ajiya. A Yamai ya gwada haka shekarar farko, kwanon ɗaki ya ɗau zafi, kakin ya yi laushi ya kwashi ƙura ya ɓata masa bango, Tabawa ta samu abin faɗa na wata guda. Daga nan ya koma ja, da ja ya ƙare ya koma shuɗi. Akwatin kakin ma ba ya kwana a gidan. Yana cikin firigon maƙwabciyarsu Kadi, wata Bazabarma mai sayar da ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, wadda ta taɓa gutsurar rawayan tana tsammanin man shanu ne, har yau ba ta yafe masa ba. In ya je karɓa takan ce, "Fofo, Mai Ƙanƙara, an zo ɗaukar abincin katako?" Da can yakan rama. Yanzu sai ya karɓa ya ce ya gode.

Huda ce ke riƙe masa wutsiyar allon in yana guga. Ta lura, shekara bayan shekara, in ya buɗe akwatin koren yake fara ɗauka. Ya juya shi a hannu, ya mayar, sannan ya ɗauki wani. Koren na nan yadda aka zo da shi, ko gefensa bai ci ba.

Bana, ranar da ya fito da teburin, sai ga sallama a ƙofar gida. Harouna ne, kawun Huda, ƙanen mahaifiyarta, mai fataucin albasa daga Tawa, ya kawo kaya Yamai ya biyo. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo ruwa, aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a damu da su ba. Ɗahiru bai kashe dutsen guga ba, don wutar unguwar ba ta da alkawari, in ta zo sai a yi da ita. Harouna ya zauna yana kallon kakin na ɗiga.

"Wai Malam Ɗahiru, mi ya sa kake wahal da kanka? Abin ga ba mai hawa nai."

"Wanda ba a hawa shi ya fi son kulawa," in ji Ɗahiru, idonsa a kan aikin. "Wanda ake hawa kullum shina hannun mutane, ana ganin abin da ya same shi. Wanda aka jingine shi ka lalacewa ba a sani ba. Ka gan shi ga bango lafiya lau, ciki ya bushe. Kakin ma jinkirtawa kawai shikai, ba ya hanawa."

Rabon da a ji ya yi magana mai tsawon wannan an manta. Tabawa na bakin madafa tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba.

"To, Malam, ka dai ji bakinka. Katako kake ma wannan tausayi."

Huda na tsaye riƙe da wutsiyar allon, ta sunkuyar da kai. Harouna ya gyara zama ya yi gyaran murya, ya ce da ma abin da ya kawo shi ke nan. Ya ce uwar yarinya ba ta barci. Ya ce ba miji ya zo nema mata ba, wannan na Allah ne, ya zo ne a kwance ta, ta san matsayinta kamar kowace mace. Ya ce ba wanda ya isa ya yi wannan sai Ɗahiru, kuma ba su son a yi shi da ɓacin rai.

"Yaron nan ya ce zai kira," in ji Ɗahiru.

Harouna ya jawo takalmansa, ya ce yana gari har a gama sauke albasa, in an canza shawara an san inda motocin Tawa ke tsayawa. Tabawa ta raka shi ƙofa, daga can ta wuce gidan Kadi, don in ta zauna za ta faɗi abin da ba ya maiduwa.

Saura su biyu. Ɗahiru ya gama allo na farko ya kifa na biyu. Yana tsakiyarsa shuɗin kakin ya ƙare, ɗan guntun da ya rage ya narke a jikin dutsen ya bar shi da yatsu. Rabin tafin ya sha, rabi na nan fari. Huda ta leƙa akwatin, ba komai ciki sai koren. Ta ɗauko ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Baba," ta ce, "in tambaye ka?"

Ya dubi rabin tafin da bai sha ba. Ta ci gaba.

"Ranar da ya kira, ina nan bakin murhu, na ji ka. Mutum na gindin dutse cikin ƙasar mutane, ba ka tambaye shi ko ya ci abinci ba, ba ka tambaye shi su wa ke tare da shi ba. Ƙanƙara ka tambaye shi. Tun ranar nake son in san mi ya ce maka."

Da ta yi kuka, ko ta yi masa rashin kunya, da ya san yadda zai yi da ita. Amma tambaya ta yi, kuma tambayar ta aikinsa ce, shi kuwa bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan aikinsa ba. Ya jingine dutsen gugar a tsaye. Ya faɗa mata yadda ake damƙar dusa da safe, da wadda ke dunƙulewa da wadda ba ta yi. Ya faɗa mata ranar da ake fito da koren. Ya faɗa mata abin da irin wannan sanyi ke yi wa yatsun ƙafa cikin kambas, da yadda mutum kan ji barci mai daɗi ya ce bari ya ɗan zauna. Muryarsa ba ta rawa, kamar yana faɗa wa tela abin da ya samu almakashinsa.

Huda ta saurara har ya gama.

"Tun ranar ka sani ke nan."

"Tun ranar."

"Ni kuwa kowace sallah sai na yi kitso," ta ce. "Ina cewa kada ya shigo ya iske ni haka."

Ta ajiye koren a kan teburin a hankali, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Bai ji kukanta ba, ƙila ba ta yi ba. Ya tsaya shi kaɗai a rana, sai ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ita ce abu na farko da ya ji a jikinsa tun ranar kiran, kuma ba ta da daɗi ko kaɗan. Ya ƙara wa dutsen zafi, don koren ba ya narkewa da wasa, ya ƙarasa rabin da ya rage. Hannunsa ne ya yi, shi ba ya wurin. Da la'asar ya sa hularsa ya tari kabu-kabu zuwa inda motocin Tawa ke tsayawa.

Ranar Litinin suka je gaban alƙali, shi da Harouna da Huda. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa tana kaɗa iska mai zafi, mutane cike a baranda suna jiran layi da rigingimun gado da na saki. Alƙalin dattijo ne mai haƙuri. Ya saurari Harouna, ya tambayi Huda ta amsa da kai a ƙasa, sannan ya juyo ga Ɗahiru ya ce an ce shi ne na ƙarshe da ya yi magana da wanda ya ɓace, ya faɗi abin da ya sani.

Sai ga Ɗahiru yana yi wa mutumin da ke share gumi da hankici bayanin dusar da ba ta dunƙulewa. Ya faɗi aikin da ya yi a can da yadda ya san abin da ya sani. Ya ce yaron nan ya kai salula ƙasa ya taka. Ya ce yaron nan kambas ne a ƙafarsa. Ya ce ya hana yaron nan, yaron nan bai ji ba.

"To a ganinka yana raye?" in ji alƙali.

"Yaron nan bai sauka daga dutsen ba, ranka ya daɗe."

"Malam, tun ɗazu kana cewa yaron nan. Shaida ba ta tafiya haka. Wane yaro?"

Harouna ya yi sauri zai amsa, alƙali ya ɗaga masa hannu.

"Shi ke ba da shaida. Shi zai faɗa."

Alƙalin ba mugunta yake yi ba, aikinsa yake yi, kuma ko ya tuna cewa ɗan fari ne, bai nuna ba. A Adar uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Tun ranar suna da ya raɗa wa liman shi a kunne, sunan bai sake bi ta bakin Ɗahiru ba, ko cikin faɗa, ko cikin wasa, ko a waya ranar da yake roƙonsa kada ya hau. Ya dubi Harouna, Harouna ya kawar da kai. Ya dubi Huda, ta ɗago tana kallonsa. Ya buɗe baki, sunan ya fito da murya kamar ba tasa ba.

"Nassirou."

"Ɗanka ne?"

"Ɗana ne. Nassirou. Ya rasu."

Alƙali ya ce Allah ya jiƙansa, ya isa haka, an ji. Ɗahiru bai ji shi ba. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a gaban rigarsa, shi kuwa ya ci gaba da faɗin sunan a hankali, yana sakewa, yadda ake kiran yaro ya bar wasa ya shigo a ci abinci, har Huda ta taso daga inda take zaune ta zo ta riƙe hannun rigarsa.